Sai an gwada akan san na ƙwarai: yadda aka koyi auna roba

Kafin bokiti ya zama bokiti, kafin buhun taki ya zama buhu, ƙwayoyi ne ƙanana farare masu kama da shinkafa. Ana ɗura su a buhu mai nauyin kilo 25, a loda a kwantena, a tura wa masana'antu. Kowane iri yana tafe da takardar bayani, kuma galibi layin farko na alƙaluman da ke cikinta yana kama da wannan: giram 3 a minti 10, a zafin digiri 230, ƙarƙashin nauyin kilo 2.16. A kan wannan layi ne mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai yake amincewa ya biya kuɗin kayan da aka sarrafa a Eleme kusa da Fatakwal, ko a Jubail ta Saudiyya, alhali bai taɓa ganin wanda ya sarrafa su ba. Idan lambar ta yi daidai, injinsa zai yi aiki lami lafiya. Idan ta kauce, zare zai riƙa tsinkewa, bokiti ya fito da giɓi, a yi asarar kaya da lantarki da yinin aiki.

Wannan lamba tana da tarihi, kuma tarihin nata darasi ɗaya yake ta nanatawa. Roba ba ta da hali guda tsayayye da za a auna sau ɗaya a huta. Halinta ya rataya ne a kan abu uku: zafin da take ciki, ƙarfin da aka matsa mata, da tsawon lokacin da aka ba ta. Saboda haka duk lambar da ta fito daga ɗakin gwaji amsa ce ga tambaya ɗaya tak, wadda aka yi bisa sharuɗɗa sanannu. An daɗe kafin a fahimci haka, kuma an biya kuɗin karatun da dukiya, wani lokaci har da rayuka.

Da yake Hausa kalma ɗaya take kiran na taya da na bokiti da ita, a nan za mu ce danƙo idan muna nufin mai talewa irin na taya, mu ce roba idan muna nufin irin ta bokiti da leda. Duk zafin da aka ambata kuwa a ma'aunin salshiyos ne.

Kayan da ke narkewa idan rana ta take

A farkon shekarun 1830 an yi rububin danƙo a Amurka. An kafa kamfanoni, aka zuba jari, aka yi takalma da riguna da huluna waɗanda ruwa ba ya ratsa su. Kayan da aka yi a lokacin sanyi sukan fita kasuwa gwanin sha'awa. Da zafi ya shigo sai su yi laushi, su manne da juna, su riƙa wari, masu saye su dawo da su. Idan hunturu ya zo kuma su sandare kamar katako. Kamfanoni da dama sun durƙushe a kan haka. Shi kansa Charles Goodyear ya taɓa karɓar kwangilar jakunkunan wasiƙa na danƙo daga gwamnatin Amurka, zafi ya lalata su tun kafin a mora.

A 1839 Goodyear ya gano cewa idan aka gasa danƙo da farar wuta yakan daina wannan sauyin hali, ya kuma samu rajistar fasaharsa a 1844. Amma da lalube ya kai ga hakan. Ba shi da bayanin dalilin da ya sa abu ɗaya yake zama kamar ƙaro da rana, ya koma kamar ƙashi da sanyi. Awon da ake da shi a lokacin bai wuce yatsa da haƙori da hanci ba. Irin wannan gwaninta tana aiki matuƙar mai ita yana tsaye a wurin. Ba a iya sa ta a ambulan a aika wani gari, ba a kuma iya kafa hujja da ita gaban alƙali idan ciniki ya ɓaci.

Kauri da yauƙi

Ilimin yadda abu ke malala ya girmi roba nesa ba kusa ba. A 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa turjiyar da ruwa ke yi ga motsi tana tafiya ne daidai da saurin motsin: ka ninka ƙarfi, gudu ya ninka. A shekarun 1840 wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, mai son sanin yadda jini ke bin ƙananan jijiyoyi, ya yi ta tura ruwa cikin siraran bututun gilashi. Ya samu cewa faɗin kafa yana da tasiri mai ban mamaki: idan aka ninka faɗin bututu sau 2, abin da ke wucewa yakan ninka sau 16. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokar Newton ta dace da ruwa da mai da zuma. Eugene Bingham, malamin kimiyyar sinadarai a kwalejin Lafayette da ke jihar Fensilbeniya, ya lura cewa kwaɓaɓɓen yumɓu da fenti ba sa bin ta: sukan tsaya cik har sai ƙarfin da aka sa musu ya wuce wani mizani, sannan su fara gudana. Shi ne ya raɗa wa fannin suna riyoloji, daga kalmar Girkanci mai nufin gudana, kuma a 1929 aka kafa ƙungiyar masana fannin a Amurka.

A daidai wannan zamani, a jami'ar Kwinslan ta Ostareliya, Thomas Parnell ya shirya wa ɗalibansa wani gwaji. A 1927 ya narkar da kwalta ya zuba a mazurari mai toshe, ya bar ta shekara 3 ta zauna, a 1930 ya yanke bakin mazurarin. Kwaltar nan idan ka buga mata guduma farfashewa take yi kamar kwalba. Amma ɗigon farko ya faɗo a 1938, na tara kuma a 2014. Ga mai guduma dutse ce, ga mai haƙurin shekara 10 ruwa ce. Markus Reiner, abokin aikin Bingham, ya mayar da wannan tunani lissafi a 1964: a kwatanta lokacin da abu ke bukata kafin ya saki jiki da lokacin da mai kallo ya ba shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a madafa ya san bambancin da masanan nan suke ƙoƙarin kamawa. Kunu yana da kauri: yana turjiya ga ludayi, amma in ka ɗebo shi zuba yake yi ya yanke. Miyar kuɓewa tana da yauƙi: tana bin ludayi, ta miƙe kamar zare, in ta tsinke ta koma baya. Narkakkiyar roba tana da halayen biyu a lokaci guda, kuma kamar yadda za mu gani, na farkon ya fi sauƙin aunawa.

Sarƙar Staudinger

Dalilin yauƙi bai bayyana ba sai da aka san siffar abin da ke ciki. A 1920 Hermann Staudinger, Bajamushe da ke koyarwa a Zurik a lokacin, ya ce danƙo da auduga da makamantansu dogayen sarƙoƙi ne, kowace ɗaya ta ƙunshi dubban ƙwayoyin zarra a ɗaure da juna. Manyan masana na zamaninsa sun ƙi yarda. A ganinsu ƙananan ƙwayoyi ne kawai suka dunƙule wuri guda. Ɗaya daga cikin hujjojin da ya dogara da su awon kauri ne: ya narkar da kayan a sinadari, ya nuna cewa iya tsawon sarƙa, iya kaurin ruwan. Aikin Wallace Carothers a kamfanin DuPont, wanda ya haifar da nailan a 1935, ya ƙarfafa maganarsa. An ba Staudinger kyautar Nobel a 1953.

Ka ɗauka kwano ne cike da dafaffiyar taliya wadda ba a kakkarya ba. Zare sili ɗaya daga ciki aiki ne, domin ya sarƙafe da sauran. Haka narkakkiyar roba take. Wajen 1950 Thomas Fox da Paul Flory suka auna abin, aka samu ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: idan sarƙoƙi suka kai tsawon da suke sarƙafewa, ninka tsawonsu sau 2 yakan ninka kauri kusan sau 10. A 1971 Pierre-Gilles de Gennes na Faransa ya ba da bayanin dalili: kowace sarƙa ba ta da hanyar motsi sai ta tsawonta, kamar maciji a cikin rami.

Wannan ƙa'ida ita ce ta ba awon malala daraja a kasuwa. Doguwar sarƙa tana ba da kaya mai ƙarko amma mai wuyar sarrafawa. Gajeriya tana cika ƙarfen zubi cikin sauƙi amma kayanta sun fi saurin fashewa. Tunda ɗan sauyi a tsawon sarƙa yana haifar da babban sauyi a kauri, wanda ya auna kauri ya leƙa cikin abin da ido ba ya gani.

Fistin, nauyi da agogo

A watan Maris na 1933, a ɗakin binciken kamfanin ICI da ke Winnington a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson suka matsa iskar etilin da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,000. Da suka buɗe tukunyar sai suka tarar da wani farin abu mai kama da kakin kyandir. Maimaita gwajin ya yi wuya, domin ba su san cewa ɗan iskar oksijin da ta kutsa ciki ce ta tayar da aikin ba. Michael Perrin ne ya shawo kan matsalar a ƙarshen 1935. Masana'antar farko ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 1939, ranar da Jamus ta afka wa Folan. Sabuwar robar, foliyetilin, wadda ake taƙaita sunanta da PE, ta zama sirrin soja, domin babu kamarta wajen rufe wayoyin na'urar rada mai hango jiragen sama.

Mai naɗe waya da roba yana bukatar kayan yau su malala kamar na jiya, in ba haka ba rufin ya yi kauri a nan ya yi siranta a can. Don raba kayansu aji-aji ne ma'aikatan ICI suka ƙirƙiro gwajin da ya zama awon malalar narkakkiyar roba, wanda takardun kasuwa ke rubutawa MFI ko MFR. Na'urar ba ta da wani surƙulle. Silinda ce ta ƙarfe a tsaye, mai faɗin milimita 9.55, ana ɗumama ta zuwa zafin da aka ƙayyade. A ƙasanta akwai kafa mai faɗin milimita 2.095 da tsawon milimita 8. Ana zuba 'yan giram na ƙwayoyi, a jira 'yan mintuna su narke, a sa fistin, a ɗora masa nauyi. Roba takan fito ta ƙasa kamar taliya. Ma'aikaci yana yanke ta bisa agogo, ya ɗora a sikeli, ya lissafa giram nawa za su fito a minti 10. Ga PE, zafin digiri 190 ne da nauyin kilo 2.16. Ga folifirofilin, wato PP, robar buhu da kujera, digiri 230 ne.

Abin da ya sa aka ƙayyade faɗin kafar har zuwa lamba uku bayan ɗigo shi ne binciken Poiseuille da muka ce a riƙe. Idan kafar ta ci da kashi 1 cikin 100, sakamakon yakan kauce da kusan kashi 4. Daga baya aka rubuta gwajin a matsayin ƙa'ida, ASTM D1238 a Amurka da ISO 1133 a matakin duniya. Bayan Karl Ziegler a 1953 da Giulio Natta a 1954 sun buɗe hanyar yin PE mai tauri da PP ba tare da matsi mai tsanani ba, ire-iren roba suka yawaita, lambar ta zama harshen da mai sayarwa da mai saye suke magana da shi. Robar bututun ruwa lambarta ba ta kai 1 ba. Ta zaren buhu tana wajen 3. Ta kofi da bokiti marasa kauri takan kai gommai. Wadda ake yin tsakiyar takunkumin fuska na asibiti da ita takan wuce 1,000.

Ƙarfin wannan awo irin ƙarfin mudu ne a kasuwar hatsi. Babu wanda ya ce mudu ya fi sikeli daidaito. Amfaninsa shi ne kowa ya san shi, yana da araha, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da shi.

Abin da lambar ba ta faɗa

Rauninsa ma daga nan yake. Nauyin kilo 2.16 a kan wannan fistin matsi ne da bai wuce ninki 3 na iskar da ke kewaye da mu ba. Injin da ke ɗura roba cikin ƙarfen zubi yana aiki ne da matsin da ya ninka na iska sau ɗaruruwa, wani lokaci fiye da 1,000. Narkakkiyar roba kuwa ba ta bin dokar Newton: iya saurin da aka tura ta, iya yadda sarƙoƙinta ke miƙewa su jeru, kaurinta ya ragu. Yawan raguwar ya danganta da yadda dogaye da gajerun sarƙoƙi suka cakuɗu, da ko suna da rassa. Saboda haka buhu biyu masu lamba ɗaya suna iya shiga inji ɗaya, ɗaya ya yi kyau, ɗaya ya ƙi.

Sannan ga yauƙi, wanda gwajin bai ma taɓo shi ba. A shekarun 1940 Karl Weissenberg ya nuna a Ingila cewa idan aka juya sanda cikin ruwa mai dogayen sarƙoƙi, maimakon ruwan ya watsu gefe, hawa sandar yake yi. Wannan hali ne yake sa roba ta kumbura idan ta fito daga kafa, shi ne kuma yake hana ledar da ake hurawa kamar balan-balan fashewa. Na'urar da ya ƙera, mai murza abu tsakanin faranti da wani ƙarfe mai ɗan tsini, ita ce kakar na'urorin da ake auna kauri da yauƙi da su a yau, a gudu daban-daban. Suna ba da cikakken zane a inda tsohon gwajin ke ba da ɗigo ɗaya. Amma tsadarsu da bukatar gwani sun sa har yanzu fistin da nauyi ne ke gadin ƙofar yawancin masana'antu.

Daga allurar siminti zuwa kasko mai girman ƙwayar wake

Ɗaya ɓangaren tarihin na zafi ne. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, babu gardama. Roba kuwa laushi take yi sannu a hankali, don haka tambayar a wane zafi take lalacewa ba ta da amsa sai an faɗi abin da ake nufi da lalacewa. Masu gwaji sun warware wannan da yarjejeniya, kuma aro suka yi daga magina. Louis Vicat, injiniyan Faransa da ya yi fice a binciken siminti tun 1817, ya yi amfani da allura mai ɗauke da nauyi don sanin lokacin da kwaɓi ya kama. Aka juya dabarar: a ɗora allura mai shafaffen baki a kan guntun roba, a riƙa ƙara zafi da digiri 50 ko 120 a awa, a rubuta zafin da allurar ta nutse milimita 1. Sunan Vicat ne a kan gwajin har yau. Sauya nauyin da ke kan allurar yana sauya amsar, shi ya sa ake rubuta su tare.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, ita ma daga wani fanni ta zo. A 1887 Henri Le Chatelier ya riƙa gasa yumɓu iri-iri yana bin yadda zafinsu ke hawa, ya ga cewa akwai wuraren da hawan ke tsayawa ko ya yi tsalle, alamar wani abu na sauyawa a ciki. A 1899 William Roberts-Austen, masanin ƙarafa a gidan buga kuɗi na Landan, ya inganta dabarar: a gasa abin da ake gwadawa tare da wani abu da ba ya sauyawa, a auna bambancin da ke tsakaninsu. A 1962 Emmett Watson da Michael O'Neill na kamfanin Perkin-Elmer suka ƙera na'urar da ke auna yawan zafin da abu ya sha ko ya fitar, aka fito da ita kasuwa a 1963. Ita ce ake kira DSC. Ana sa 'yan miligiram a ɗan kaskon alminiyam da bai fi ƙwayar wake faɗi ba, a riƙa ƙara zafi, galibi digiri 10 a minti. Ana daidaita na'urar da ƙarfen indiyam, wanda ke narkewa a digiri 156.6.

Zanen da take fitarwa yana nuna abu biyu. Na farko tudu ne, inda sassan da sarƙoƙi suka jeru reras suke narkewa: wajen digiri 110 ga PE ta leda, wajen 130 ga PE mai tauri ta jarka, wajen 165 ga PP, wajen 250 ga robar gorar ruwa. Na biyu ɗan mataki ne da ido zai iya tsallakewa, wanda masana ke yi wa alama da Tg. Mu kira shi iyakar sandarewa. Ƙasa da ita sarƙoƙin da ke a cukurkuɗe ba sa iya motsi, abu ya zama kamar gilashi. Sama da ita suna walwala, abu ya yi laushi. Iyakar robar gorar ruwa tana wajen digiri 70 zuwa 80, shi ya sa gora ke motsewa idan aka zuba mata tafasasshen ruwa, alhali narkewarta na can nesa. A 1955 Malcolm Williams da Robert Landel da John Ferry suka nuna cewa a kusa da wannan iyaka zafi da lokaci musanya suke yi: abin da sanyi ya jinkirta, zafi yana gaggauta shi, bisa lissafi sananne.

Safiyar 28 ga Janairu, 1986

Kumbon Challenger ya tashi daga Fulorida a safiyar da zafin iska yake wajen digiri 2. Bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse, mutum 7 da ke ciki suka mutu. Rokokin da ke gefensa gaɓa-gaɓa aka haɗa su, kuma zoben danƙo ne yake toshe kowace mahaɗa. A lokacin kunnawa mahaɗar takan ɗan buɗe cikin ƙiftawar ido, aikin zoben shi ne ya biyo ta nan take ya cike gurbin. Zoben bai karye ba, bai kuma narke tun farko ba. Sanyi ne ya kusantar da shi ga iyakar sandarewarsa, ya yi nawa. Kafin ya miƙe, iska mai wuta ta samu hanya.

Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi a daren da ya gabata cewa ba a taɓa tashi da zoben a zafin da ya gaza digiri 12 ba. Aka yi gaban kai. Ranar 11 ga Fabrairu, a zaman kwamitin bincike da aka nuna a talabijin, Richard Feynman ya matse guntun danƙon da ɗan maƙalin ƙarfe, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya saki. Danƙon bai koma siffarsa nan take ba. Ilimin da ke bayan wannan ya kai shekara 30 a littattafai a lokacin. Abin da ya faru shi ne an ɗauki tabbacin da aka samu a yanayi mai ɗumi aka shiga da shi yanayin da ba a gwada ba.

Digiri 20 da shekara 50

Irin wannan kuskure yana da ƙananan 'yan'uwa da ba sa shiga labarai. Bututun ruwa baƙi da aka rubuta wa PE100 yana ɗauke da alkawarin jure wani matsi sananne har shekara 50. Babu wanda ya zauna shekara 50 yana kallo. Ana gwada bututu ne a ruwa mai zafi, har zuwa digiri 80, a yi amfani da musanyar zafi da lokaci a hango gaba. Amma alkawarin an ƙulla shi ne a kan digiri 20. Ƙa'idojin da suka ba da lambar su ne kuma suka ce a rage matsin da aka halatta idan zafi ya ƙaru, kuma a digiri 40 ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Injiniyan da zai shimfiɗa bututu a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, inda iskar watan Afrilu kan wuce digiri 40, balle baƙin bututu da aka bari a fili rana na dukansa, idan ya karanta lambar ya tsallake sharaɗinta, ya sayi alkawarin da ba a yi masa ba.

Haka abin yake a harkar sake sarrafa roba, wadda Kano ta yi nisa a cikinta, tun daga masu jari bola har zuwa masu injin niƙa. Duk lokacin da aka sake narkar da PP sarƙoƙinta suna guntulewa, lambar malalarta ta hau, ƙarkonta ya ragu. PE kuwa wani lokaci sarƙoƙinta ƙullewa suke yi da juna, lambar ta sauka. Dukansu biyu suna yawo a saman ruwa, don haka wanki ba ya raba su, kuma idan suka cakuɗu ba sa haɗa jiki sosai, kayan su zama masu saurin tsagewa. Gwani yakan gane wasu da ido, ko ya ƙona gefe ya ji warin kyandir ya ce PE ce. Wannan basira ce ta gaske, irin ta Goodyear, kuma iyakarta irin tasa ce. Gwajin malala na rabin awa zai nuna ko niƙan yau ya yi daidai da na makon jiya. Zanen DSC mai tudu biyu, ɗaya wajen 130 ɗaya wajen 165, zai tona cewa an gauraya. Mai niƙan da ke iya miƙa wa abokin cinikinsa waɗannan alƙaluma yana iya sayarwa ga wanda bai san shi ba, a farashin da ya fi na kayan da ake saye bisa sa'a.

Saboda haka idan takardar bayanin roba ta zo gabanka, ko kai mai sayen kaya ne a ma'aikata, ko mai duba kwangilar ruwa, ko mai ba da bashin banki ga masana'anta, kada idonka ya tsaya a kan babbar lambar. Nemi ƙananan da ke gefenta: a wane zafi, da wane nauyi, na tsawon wane lokaci, bisa wace ƙa'ida. Sannan ka kwatanta su da inda kayan za su yi aiki. Idan waɗannan ba sa kan takardar, ka mayar da ita a cike su kafin ka sa hannu.